Ranar da Na Ɗaure Igiyar Baffa a Jikin Tsamiya

An rufe rijiyar garinmu. An zuba mata murfin siminti, an shafe shi sumul, har wani ya rubuta sunansa da tsinke kafin ya bushe. Ban ce an yi laifi ba. Ga famfon burtsatse can bakin masallaci mai aiki da hasken rana, mace ta murɗa ruwa ya zubo, ba guga, ba kanta a tafin hannu, ba fargabar jariri ya rarrafa ya faɗa. Amma tun da aka rufe ta na rasa wasu ƙararraki da na tashi a cikinsu: gurnanin igiya a kan gungume, marin da guga yake yi wa ruwa can ƙasa, da cacar bakin mata kan wadda ta riga wata zuwa. Abin da ban zata ba shi ne, da shirun ya sauka sai wani tsoro ya dawo mini, tsoron da na ɗauka na binne shi tuntuni. Na ga gara in faɗe shi bi da bi yadda ya faru, tun ina da sauran numfashi, domin ni ba na son labari a hargitse.

Mu gidanmu haƙar rijiya da yasarta muka gada. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanensa ya riƙe ni, shi ne nake kira Baffa. Garinmu yana ƙasar Gwaram, ta wajen Farin Dutse. Da damina noma muke yi kamar kowa. In bazara ta kama, ruwa ya ja da baya, rijiyoyi suka fara ba da laka maimakon ruwa, sai mu ɗora wa jaki diga da dagi da guga da igiyoyi biyu, mu bi gari gari har Surko, har cikin Birnin Kudu. Mu uku muke tafiya: Baffa shi ke shiga, ni ke riƙe igiya, sai Dogo mai jan laka. Dogo ɗan kawuna ne, taubashina, gajere kamar turmi, don haka aka laƙaba masa sunan. Bakinsa ba ya hutawa. Baffa kuwa in ya yi maka jimla uku a wuni, to ranar hira ta yi daɗi.

Aikin yana da tsari, kuma Baffa ba ya yarda a tsallake ko ɗaya. Da farko a buɗe bakin rijiya a bar ta ta sha iska. Sannan a ɗaura ganyen darbejiya a igiya a yi ta zura shi ana jawowa, don ya koro iskar da ta kwanta. Bayan nan a zura fitila a kunne. In ta mutu, ba mai shiga. In ta rayu, sai a gitta gungume a baki, a naɗa igiya sau biyu a jikinsa, a ɗaure mai shiga ta ƙarƙashin hammata. Igiyar guga daban take, ta laka ce. Wannan ta jikin mutum kuwa Baffa igiyar rai yake ce mata. Ja ɗaya, a turo guga. Ja biyu, a sassauta. Ja uku, fitar da ni yanzu. Doka ta ƙarshe ita ce uwar sauran: mai riƙe da igiyar rai ba ya saki, ba ya zama, ba ya cin abinci, ba ya amsa ko sallama. Duk ƙasarmu an san haka a wancan zamani. In dattijo ya zo ya yi sallama a bakin rijiya, mai jan laka ne zai amsa, ya ce, "A yi masa uzuri, Baba, yana kan igiya." Dattijon sai ya ce, "Allah ya fito da shi lafiya," ya wuce. Ba wanda ya taɓa jin haushi. Yanzu kuwa mutum yana tuƙa babur da mace mai ciki a bayansa, waya ta yi kuka, ya zura hannu aljihu.

Ni a lokacin na haura ashirin, na gama aji shida, ina iya rubuta sunana da na garinmu ba gyara. Wannan ɗan karatun shi ya kumbura mini kai. 'Yan mata suna kiranmu kwaɗin rijiya, kuma komai sabulun da na goga sai in ji warin laka a jikina. Sai ga shi an yanke mana jiha daga Kano. Duk inda ka zauna zancen ke nan: za a gina ofisoshi a Dutse, za a buƙaci masinjoji da masu gadi da leburorin hanya, duk wanda ya iya rubuta sunansa ya warke. Na riƙa ganin kaina cikin kaki, a kan keke, da takarda a hammata. Baffa ya ji mu muna zancen ni da Dogo, abin da ya ce kawai shi ne, "Jiha sabuwa ce, ƙishirwa tsohuwa ce."

A bazarar da ta biyo baya wani Alhaji ya kira mu yasar rijiyarsa a bakin garin Birnin Kudu, kusa da hanyar mota. Rijiyar ta yi shekaru a rufe da langa-langa. Akwai tsamiya a gefenta. Muka bi tsari kamar kullum, fitila ta shiga ta fito da ranta, Baffa ya yi bisimilla ya sauka. Da hantsi ya ɗaga, guga ya fita kamar sau ashirin, sai muka ga mutane suna gudu zuwa tsallaken titi. Wata mota ta tsaya, an fito da tebur, wani mutum da babban littafi yana rubuta sunayen masu neman aikin sabuwar jiha. Dogo ya juye gugan da ke hannunsa, ya ce bari ya leƙa. Can sai ga shi ya dawo yana haki.

"Kai, malamin boko! An sa nawa. Ni da ko alif ban sani ba an sa nawa, kai kana nan kana kiwon igiya."

Ban amsa ba, ina kan doka.

"Wallahi shafi ɗaya ya rage. Mutumin ya ce da ya cika zai rufe ya wuce Gwaram. Ɗaure ta a tsamiyar nan mana. Tsamiya ta fi ka ƙarfi, kuma ba ta da budurwar da za ta tuna. Kafin Baffa ya cika guga ka dawo."

Ina so a fahimci wannan wurin da kyau, domin a nan duk maganar take. Ba Dogo ne ya sa ni ba. Shekaru na yi ina ɗora masa, daga baya na daina. Zuciyata ta riga bakinsa isa tsallaken titi. Kuma ban yi abin cikin ruɗewa ba, a natse na yi shi. Na leƙa, na ji sautin diga yana tashi daidai. Na ja igiyar na kai ta jikin tsamiya, na yi mata ɗauri mai kyau, irin wanda Baffa ya koya mini, har na gwada shi da nauyina. Na ce wa kaina ai ban saki ba, ajiyewa na yi. Mugun aiki ba ya zuwa wa mutum da sunansa na gaskiya. Sai ya aro suna mai daɗi tukuna.

Layin ya fi yadda Dogo ya faɗa tsawo. Na tsaya ina waiwaye, ina hango tsamiyar, ina cewa saura mutum biyar, saura huɗu. Da aka zo kaina ma sai da na karɓi biron na rubuta da hannuna, don mutumin ya ga ni ba jahili ba ne. Ya ce, "Rubutunka da kyau." Na tsaya na yi murmushi.

Da na dawo, abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Ba diga. Igiyar ta miƙe ƙam daga tsamiya zuwa gungume kamar tsirkiyar baka. Na leƙa na ce, "Baffa!" Muryata ta tafi ta dawo mini ita kaɗai. Wani wari ya bugi fuskata, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na sake kira. Ban san na yi ihu ba sai da na ga mutanen layin nan sun kewaye ni. Dogo ya riga kowa isa jikin tsamiya, ya kwance ɗaurin kafin ido ya kai wurin, ya cusa mini igiyar a hannu. Maza shida muka ja. Baffa ya fito kansa a langaɓe, kumfa a bakinsa, leɓɓansa sun yi baƙi. Faratansa biyu sun ɓalle, yatsunsa duk jini da laka. Ashe da ya fasa lakar ƙasa, gubar da ta kwanta a ƙarƙashinta ta taso. Ya ja uku. Ya sake ja uku. Da ba a amsa ba ya kama bango yana hawa da hannu, har ƙarfinsa ya ƙare ya zame, igiya ta riƙe shi a rataye.

Aka sa shi a kura aka tura shi babban asibiti da gudu, ina biye ina salati. Ya farfaɗo bayan la'asar. Kwana huɗu ya yi a kwance. Abin da ya fi ba ni tsoro a kwanakin nan ba cutarsa ba ce, yabon da ake yi mini ne. Duk wanda ya zo dubiya sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Da ba don ihun wannan ba, da wani labarin ake yi." Waɗanda suka gan ni a layi ba su san ni ne mai igiya ba, waɗanda suka san ni ne mai igiya ba su gan ni a layi ba. Alhaji mai rijiya ya ciro riga sabuwa fil, shuɗiya mai aiki a wuya, ya ba ni a gaban gadon Baffa, ya ce, "Ɗa na gari ke nan, Malam. Ka yi dace." Baffa ya dubi rigar, ya dube ni, ya mayar da idonsa rufi.

Muka koma gida. Baffa ya tashi, amma tari ya kama shi, kuma hannunsa na hagu ya riƙa ɗan rawa in ya ɗaga kofi. Ni kuwa na shiga wani hali da ban taɓa sani ba. Tsoro uku suka zauna mini, kuma zan faɗe su a jeren da suka zo, ko da jeren abin kunya ne. Na farko, tsoron bakin Dogo. Na biyu, tsoron ko Baffa ya sani. Tsoron Allah shi ya zo na uku. Da ni mutumin kirki ne da daga ƙarshe jeren zai fara. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: in na ji mata suna dariya a bayan danga sai in ce da ni suke, in liman ya ambaci amana a huɗuba sai in ji kamar duk sahu ni ake kallo. Tuwo ya daina wucewa. Inna, matar Baffa, ta yi ta dafa mini sabara tana cewa firgitar ranar ce ba ta sake ni ba. Dogo kuma in mun haɗu sai ya rage murya ya ce, "Ina kwana, mijin tsamiya?" ya fashe da dariya. Daga baya na gane shi ma tsoron ne yake ci masa ciki, dariyar ce maganinsa. Kafin wata ya ƙare ya tattara ya tafi Dutse jiran aikin da ba a taɓa kiranmu ba, daga ni har shi.

Rigar nan na cusa ta ƙasan akwati. Ranar wata Juma'a ina shirin masallaci, Baffa yana zaune yana gyaran bakin dagi, bai ɗago kai ba ya ce, "Ina rigarka ta Birnin Kudu?"

Na ce, "Tana nan, Baffa."

"Sa ta mana. Ai kai aka ba."

Na sa. Na bi bayansa har masallaci, mutane suna cewa ta yi mini kyau, ni kuwa ji nake kamar ƙaiƙayi aka zuba mini a wuya. Na yi ta juya maganarsa a raina. Ai kai aka ba. Bai ce taka ce ba. Ko ya sani? In ya sani me ya hana shi duka na, ko kora ta, ko faɗa wa mai gari? Da ya ɗauki sanda da na samu sauƙi. Shirun mai haƙuri ya fi bulala ciwo, domin bulala tana da adadi.

Ana nan zafi ya kai maƙura, rijiyar garinmu ta ƙafe sai laka. Ita ce wadda aka rufe yanzu. Kakanninmu suka haƙa ta, ta fi duk wadda na sani zurfi, kuma daga tsakiyarta zuwa ƙasa cikin dutse aka sara ta, bangon sumul, ba matakin da ƙafa za ta kama. Akwai tsohuwar kuka a gefenta. Mai gari ya aiko a yashe ta. Da safe muka bi tsari: iska, ganye, fitila. Na ɗauko igiyar rai zan ɗaura wa Baffa kamar kullum, sai ya karɓe ta daga hannuna.

"Ƙirjina ba zai ɗauka ba. Yau kai za ka shiga. Ni zan riƙe."

Na taɓa shiga ƙananan rijiyoyi, amma ban taɓa shiga wannan ba. Ba zurfin ne ya kashe mini jiki ba. Na dubi fuskarsa ina neman wani abu, ban samu komai ba. Na dubi kukar nan, na ga kaurinta, na ga yadda igiya za ta zauna a jikinta daram. Zuciyata ta ce, yau ce ranar biya. Ba sai ya kashe ka ba, ya ɗaure ya tafi shan inuwa kawai, ka ja uku ka ji yadda ake ji. Mutum da mudunsa yake auna kowa, kuma ni na san nawa mudun. Yana ɗaure ni ta ƙarƙashin hammata ina jin hannunsa na hagu yana rawa a bayana. Bakina ya buɗe zan faɗi gaskiya, sai na ga mutanen gari a tsaye, na haɗiye.

Maza biyu suka kama wutsiyar igiyar a bayansa don su taya shi zura ni. Na fara sauka ina taka matakai. Haske ya riƙa raguwa, sanyi yana hawowa ta ƙafafuna, muryoyin sama suna komawa kamar ana magana cikin tulu. Matakai suka ƙare, na shiga wurin dutse, na saki bango, duk nauyina ya koma kan igiya. Ina lilo a tsakiya, sama ta zama kamar faifai, ƙasa kuwa baƙi ne kawai. A nan na ji ihu. Ba na mutum ɗaya ba, na gari guda: mata suna kururuwa, bokitai suna faɗuwa, jaki yana kuka, ƙafafu suna gudu. Igiya ta zarce da ni kamar kamu biyu a fizge, bayana ya daki dutse, sannan ta tsaya cak. Na ce shi ke nan. Na yi kalmar shahada, na rufe ido ina jiran faɗuwa.

Ban faɗi ba. Igiyar ta ci gaba da sauka a hankali, tafi bayan tafi, tana tsayawa tana ci gaba. Wani abu ya faɗo mini a wuya ya harbe ni, wani ya faɗo a hannu. Na duba a ɗan hasken da ya rage, ƙudan zuma ne. Sai na gane. Zumar da ke kogon kukar nan ce ta tashi. Da bazara ƙishirwa takan haukata su, kuma har yau ba a san abin da ya taɓa su ba ranar. Faifan saman nan ya yi duhu-duhu da su, gurnaninsu yana sauko mini kamar injin niƙa daga nesa. Ƙafata ta taɓa laka, na nutse har gwiwa. Sai muryar Baffa ta sauko, a shaƙe: "Kada ka hau. Zauna nan. Ina nan."

Daga nan ban ƙara jin muryar kowa ba. Na kira shi, shiru. Na tsaya a cikin duhu da sanyi, haƙorana suna haɗuwa. Na ce a raina, ya sauke ni, yanzu kam ya ɗaure ya gudu, kuma wa zai zarge shi? Ni da na gudu saboda biro, shi ba zai gudu saboda zuma ba? Sai na kai hannu na kama igiyar a saman kaina, ba don in ja ba, don in samu abin riƙewa. A nan na ji abin da ban taɓa sani ba duk shekarun da na yi a sama. Igiyar tana motsi. Tana ɗan tsukewa tana sassautawa, kamar ƙirjin mai barci. In na sunkuya ta biyo ni, in na miƙe ta janye rarar. Har rawar hannunsa na hagu ina ji tana gangarowa cikin tafina. Mutum ne a ɗaya bakin, da ransa, yana sauraro na da hannunsa. Sai wani sanyi ya ratsa ni wanda ya fi na rijiyar. In ni baƙon shiga na ji haka, to Baffa da ya shekara talatin a ƙasa fa? Tun lokacin da na kai igiyarsa jikin tsamiya ya sani. Ya ji ta mutu a jikinsa tun kafin gubar ta taso. Na tsaya a cikin laka na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne mahaifina.

Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ji warin hayaƙi, ashe mutane ne suka dawo da ɗanyen ganye da kashin shanu a kunne suka kori zumar. Aka ja ni sama. Abin da na gani ba zan manta ba. Baffa yana tsaye a inda na bar shi, ƙafa ɗaya a jikin gungume. Ya ja rigarsa ya rufe kai da haƙora, domin ba hannun da zai yi amfani da shi. Hannayensa da wuyansa da ƙafafunsa sun yi baƙi da ƙarin da ƙudan zuman suka bari. Fuskarsa ta kumbura har idanunsa sun ɓace. Igiya ta yanke tafinsa, jini ya bi ta. Ina tsaye a gabansa a kan ƙasa, amma bai saki ba, domin ba ya gani. Sai da na ce, "Baffa, na fito," sannan yatsunsa suka buɗe, ya zube.

Kwana uku ana tsince masa ƙari ana shafa masa man shanu, zazzaɓi yana kaɗa shi. A rana ta huɗu da hantsi, Inna ta tafi ɗaukar ruwa, na ɗauko shuɗiyar rigar nan na ajiye a gabansa, na durƙusa.

"Baffa, ranar Birnin Kudu ba na kan igiya. Na ɗaure ta a tsamiya na tafi rubuta suna."

Leɓɓansa ba su gama saɓewa ba, maganar tana fita da ƙyar. "Na sani. Ɗaurin ma mai kyau ka yi, bai zame ba."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In na faɗa, ka zama wanda aka kama. Ni kuwa wanda ya faɗa da bakinsa nake nema, shi ne zan iya sake ba wa igiya."

Na ce, "To da ka sauke ni ƙasa, me ya hana ka ɗaure a kuka ka tsira? Ai na riga na taka ƙasa."

Ya ɗan juyo da kumburarriyar fuskarsa wajena. "In ka ja uku fa? Kuka ce za ta ji?"

Rigar ya sa Inna ta ba wani makaho da ke zuwa garinmu ranar kasuwa. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya, kuma bai faɗa wa kowa ba, har Inna. Da bazara ta zagayo aka kira mu wata rijiya a Surko. Muka yi iska, muka yi ganye, muka yi fitila. Ya ɗaure kansa, ya miƙo mini igiyar rai ba tare da ya dube ni ba, ya sauka. Na fi jin tsoro ranar fiye da ranar zuma. Ana cewa hali zanen dutse ne, ba ya goguwa. Ban isa in ƙaryata magabata ba, kuma na san mutumin da ya je tsallaken titi yana nan a cikina har yau, bai mutu ba. Abin da na sani shi ne, ana iya tsare shi, kuma tsoronsa ne ya tsare ni shekara da shekaru. Wanda nake jin tsoro yanzu shi ne mutumin da ya ce shi ba zai taɓa saki ba. Wannan bai san kansa ba tukuna.

Abin da ke firgita ni a zamanin nan ba mugunta ba ce. Mugaye ba su fi na da yawa ba. Masu ɗaurewa a tsamiya ne suka yi yawa. Ba wanda yake cewa na saki. Kowa cewa yake na ajiye, yanzu zan dawo. Mai jinyar uwa, da mai gadin makaranta, da mai haɗa magani, da uban da ya bar tarbiyya a hannun waya, duk sun yi ɗauri mai kyau sun tsallaka titi. Mafi yawansu za su dawo su tarar ba abin da ya faru, shi ya sa gobe za su ƙara.

Watan jiya na je gaisuwa wani ƙauye bayan Gwaram inda burtsatse bai kai ba, na tarar ana yasar rijiya. Na ji sautin diga a ƙasa, ƙafafuna suka kai ni da kansu. Wani saurayi ne a baki, ya naɗa igiyar a turken shanu, ya zauna a kan bokiti yana latsa waya yana dariya. Na yi sallama, ya amsa mini da fara'a, har da tambayar gajiya. Amsawar nan ita ta tayar mini da tsigar jiki. Ban yi masa faɗa ba. Na ajiye sandata, na kwance igiyar daga turke, na naɗa ta a hannuna, na sa ƙafa a jikin gungume. Ya ce, "Baba, ai a ɗaure take, ba inda za ta." Ban amsa ba, ina kan igiya. Na tsaya har rana ta take tsaka, bayana yana sara, ina jin numfashin wani ɗan mutum da ban taɓa gani ba yana hawowa cikin tafina.

Da aka ja shi ya fito, laka har gira, ya zauna ya sha ruwa. Sannan ya dubi abokinsa, ya dube ni, ya dubi hannuna.

Ya ce, "Wa ya karɓi igiyar nan ɗazu? Tun safe nake jin kamar ni kaɗai ne a duniya, sai can na ji an zo."